Mujallar Al-Manar: Yadda Ta Tashi, Yadda Ta Girma, da Abin da Ya Tsayar da Ita

  

'Yan'uwa masu karatu, darasin tarihinmu na wannan fitowa a kan mujallun ilimi ne. Abin da ake kira mujallar ilimi shi ne takardar da take fitowa lokaci bayan lokaci, malamai su rubuta bincikensu a cikinta, wasu malaman su duba kafin a buga, masu neman sani su saya su adana. Ta bambanta da jaridar labarai wadda ake karantawa da safe, da yamma a ƙunshe ƙosai da ita. Yaranmu da suka bar makarantun zango suka shiga jami'a sun san nauyinta, domin malamin jami'a ba ya samun ƙarin matsayi sai ya buga bincike a irin waɗannan mujallu. Mu kuma da muke tsakanin allo da littattafan zaure ya kamata mu san tarihinta, saboda mujallu da yawa sun tashi a ƙasashen Musulmi da ƙarfinsu, kaɗan ne suka kai labari. Za mu ɗauki guda ɗaya daga cikin mafiya shahara, wato Al-Manar ta Misra, mu bi ta tun daga haihuwarta har zuwa tsayawarta, mu ga abin da ke raya mujalla da abin da ke kashe ta.

Kafin a san mujalla

Magabatanmu suna da hanyoyinsu na tantance ilimi tun kafin zuwan injin bugu. Idan malami ya wallafa littafi, sai a karanta shi a gabansa a majalisi, a rubuta sunayen waɗanda suka halarta da ranar da aka karanta a ƙarshen littafin. Wannan shi ne sama'i. Wanda ya kwafi littafi da hannu ba ya dogara da kwafinsa sai ya zauna da wani sun gwada shi da asali kalma bayan kalma, shi ne muƙabala. Sannan ga ijaza, izinin da malami yake ba ɗalibi ya ruwaito daga gare shi, ga kuma taƙarizi, shaidar da wani malami yake rubutawa cewa ya duba aikin ɗan'uwansa ya gamsu da shi. Duk waɗannan manufarsu ɗaya ce, kada magana ta yaɗu da sunan ilimi ba tare da wani masani ya tsaya mata ba. Abin da ya rage musu shi ne sauri. Littafi yakan yi shekaru a bayan raƙumi kafin ya isa wata ƙasa, martaninsa kuma ya yi wasu shekarun kafin ya dawo.

Mujalla a siffar da muka san ta yau a Turai aka fara ta, a shekara ɗaya, 1665. A watan Janairu aka fitar da Journal des sçavans a birnin Faris, a watan Maris kuma Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, ya fitar da Philosophical Transactions. Ku riƙe wani abu game da ta biyun, domin za mu dawo gare shi. Da farko mujallar ta Oldenburg ce shi kaɗai, shi ke tara wasiƙun masana, shi ke shiryawa, riba da asara duk nasa. Bayan mutuwarsa a 1677 ta yi ta tangal-tangal a hannun sakatarorin da suka biyo shi, har zuwa 1752 lokacin da ƙungiyar ta karɓe ta ta zama tata, ta naɗa kwamitin da zai riƙa zaɓar abin da za a buga. Tana fitowa har yau, shekara sama da 350.

Yadda abin ya iso ƙasashen Larabawa

A Misra, maɗaba'ar gwamnati ta Bulaƙ ta fara aiki a farkon shekarun 1820, zamanin Muhammadu Ali. A 1870 aka kafa mujallar Raudatul Madaris domin malamai da 'yan makaranta, ƙarƙashin kulawar Shehu Rifa'a Ɗahɗawi. A 1876 Yaƙubu Sarruf da Faris Nimr suka kafa Al-Muƙtaɗaf a Bairut domin kimiyyar zamani, daga baya suka dawo da ita Alƙahira. Sai kuma a 1884 Sayyid Jamaluddin Afgani da almajirinsa Shehu Muhammad Abduh suka fitar da Al-Urwatul Wusƙa daga birnin Faris, inda suke zaman gudun hijira. Fitowa 18 kacal ta yi, cikin wata takwas, Turawan Ingila suka hana ta shiga Misra da Indiya, ta tsaya.

To amma takarda ba ta mutuwa ranar da aka daina buga ta. Wani matashi a ƙauyen Ƙalamun, kusa da Ɗarabulus ta ƙasar Sham, a Labanan ta yau, ya tsinci wasu fitowar Al-Urwa a cikin takardun mahaifinsa. Sunansa Muhammad Rashid Rida, an haife shi a 1865. Ya karanta su, ya bi gidaje yana neman sauran, suka juya masa tunani gaba ɗaya. Bayan rasuwar Afgani a 1897 sai ya haɗa kayansa ya nufi Misra wajen Shehu Abduh da niyya ɗaya, su kafa mujallar da za ta ci gaba daga inda waccan ta tsaya.

Kafin mu ci gaba, a fahimce ni. Malamai sun saɓa da Shehu Rashid a mas'aloli da dama, musamman abin da ya shafi ɗariƙun Sufaye da bin mazhaba, kuma manyan malaman Azhar irin su Shehu Yusuf Dijwi sun yi masa raddi mai zafi, shi ma ya mayar. A cikin masu sallah a masallatanmu akwai mai ganin girmansa, akwai mai ƙyamar ra'ayinsa. Ba wannan shari'ar muka zauna yankewa ba yau. Sana'arsa ta fitar da mujalla muke dubawa, kuma a wannan fage masoyinsa da mai sukarsa duk suna da abin koya.

Shekarun wuya

Fitowar farko ta Al-Manar ta fito a Alƙahira a watan Shawwal 1315, daidai da Maris 1898, shafi takwas, mako-mako, kafin daga baya ta koma mujallar wata-wata. Ya buga kwafi 1500 ya aika wa waɗanda ya sani a Misra da Sham. Hukumar Daular Usmaniyya ta hana ta shiga Sham, mafi yawan waɗanda ya aika wa a Misra kuma suka mayar masa da kayansa. Dole ya rage bugu zuwa 1000. Har ƙarshen shekara ta uku masu biyan kuɗin shekara ba su wuce 'yan ɗari uku zuwa huɗu ba. Ragowar kwafin sai ya jibge su a ɗaki.

Da wani ne da nan ya naɗe tabarmarsa ya nemi aikin koyarwa. Shi bai tsaya ba. Daga shekara ta biyar masu saye suka fara ƙaruwa, sabbin masu karatu kuma suka fara neman tsofaffin fitowa domin su cika abin da suka rasa. Kafin shekara ta 12, kwafin shekarar farko da aka ƙi karɓa kyauta ya zama ana sayensa ninki huɗu na kuɗinsa, har sai da aka sake buga shi. Mahaƙurci mawadaci, in ji Bahaushe. Wannan shi ne darasi na farko a sha'anin mujalla: mutane ba sa ba da kuɗinsu ga abin da ba su tabbata zai fito wata mai zuwa ba. Sai sun ga ta fito, ta sake fitowa, shekara ta zagayo tana nan, sannan su saki jiki da ita.

Abubuwan da suka girmar da ita

Ban da dagewa, akwai abubuwa uku da suka ɗaga Al-Manar sama da takwarorinta.

Na farko, tafsiri. Shehu Rashid ne ya matsa wa Shehu Abduh ya buɗe karatun tafsiri a masallacin Azhar. Yakan zauna a majalisin ya rubuta, ya koma gida ya faɗaɗa, ya nuna wa malaminsa ya duba, sannan ya buga a mujalla kashi-kashi. Shehu Abduh ya rasu a 1905 karatu yana cikin Suratun Nisa'i, almajirin ya ɗora da kansa. Wanda ya fara bin tafsirin ba zai yarda fitowa ɗaya ta wuce shi ba, kamar dai yadda mai zuwa tafsirin azumi ba ya son ya rasa dare ɗaya. Daga baya aka tattara shi a mujalladi 12, shi ne Tafsirul Manar da kuke gani a shagunan littattafai.

Na biyu, ƙofar fatawa. Mujallar ta buɗe shafi na musamman inda masu karatu suke aiko da tambaya a amsa musu da hujja. Tambayoyi suka riƙa zuwa daga Jawa da Singafo, daga Indiya, daga Musulmin Rasha, daga Tunisiya da Bosniya. Bayan rasuwarsa an tara fatawoyin nan a mujalladi shida a Bairut, sun haura 1000. Kun ga, mai karatu ya tashi daga mai saye kawai, ya zama yana da hannu a cikin abin da ake bugawa. Misali mafi shahara shi ne na wani malami daga Sambas a tsibirin Borniyo, Shehu Muhammad Basyuni Imran, wanda ya aiko a 1929 yana tambayar dalilin da ya sa Musulmi suka ci baya wasu suka ci gaba. Shehu Rashid ya tura tambayar ga Amir Shakib Arsalan da ke zaune a Turai, amsar ta fito a Al-Manar, a 1930 ta zama littafin da ake karantawa har gobe. Tambaya daga gabashin duniya, amsa daga Turai, bugu a Misra: wannan aiki ne da ayarin raƙuma ba zai iya ba.

Na uku, maɗaba'a. Shehu Rashid ya mallaki injin bugunsa, Maɗaba'atul Manar, yana buga littattafai yana sayarwa domin su tallafi mujallar. A nan aka buga Al-Mugni na Ibnu Ƙudama da Tafsirin Ibnu Kasir a shekarun 1920, da tallafin Sarki Abdul'aziz na Saudiyya. Kowace shekara kuma ana haɗa fitowar shekarar a mujalladi ɗaya da fihirisa, ta yadda mai bincike zai nemi mas'ala ya same ta cikin sauƙi. Abin da aka adana aka yi masa fihirisa shi ne ake komawa gare shi.

Da haka sunanta ya kai inda mai ita bai taɓa takawa ba, har wasu suka kafa nasu a kan tsarinta: Al-Imam a Singafo a 1906, Al-Munir a Padang ta tsibirin Sumatara a 1911, sannan Ash-Shihab ta Shehu Abdulhamid bin Badis a Aljeriya a 1925.

Inda raunin yake

Duk da wannan ɗaukaka, Al-Manar a kan wuyan mutum ɗaya take. Shi ne mai ita, shi ne edita, shi ne ya rubuta mafi yawan abin da ke ciki, shi ke amsa fatawa, shi ke bin bashi. Kuma bashin ba kaɗan ba ne. Sau da yawa yakan yi kira a shafukan mujallar ga masu karɓa ba su biya ba, wasu shekara da shekaru. Mutum yana alfahari a majalisi cewa yana karanta Al-Manar, amma kuɗin takarda da tawada da gidan waya ya bar wa malam. Yaƙin duniya na farko ya tsadar da takarda ya yanke hanyoyin aika saƙo, karyewar tattalin arziki ta 1929 ta zo ta ƙara. Wanda ya cika duniyar Musulmi da rubutu ya ƙare rayuwarsa da bashi a kansa.

A watan Agusta 1935 ya raka Yarima Sa'ud ɗan Abdul'aziz zuwa tashar jirgin ruwa ta Suwais. A hanyar dawowa Alƙahira, cikin mota, ajali ya riske shi. Tafsirinsa ya tsaya a Suratu Yusuf, wajen ayar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yake roƙon cikawa da imani. Allah Ya jiƙansa Ya yafe masa kurakuransa. Iyalinsa sun yi ƙoƙarin ci gaba, abin bai yi nisa ba. Shehu Hasanul Banna ya karɓa a 1939 ya fitar da 'yan fitowa kaɗan, a 1940 ta tsaya ɗungurungum, a mujalladi na 35. Mujallar da ta jure hanin sarakuna da yaƙin duniya ta kasa jure rashin mutum ɗaya.

Yanzu ku gwada ta da wasu biyu na zamaninta. A 1919 Muhammad Kurd Ali ya kafa majalisar ilimin Larabci ta Dimashƙa, a 1921 majalisar ta fara fitar da mujallarta. Kurd Ali ya rasu a 1953, mujallar ta ci gaba, ta haura shekara 100. Haka nan a 1349, wato 1930, Azhar ta kafa Nurul Islam ƙarƙashin Shehu Muhammad Khidir Husaini, wadda bayan 'yan shekaru aka sauya mata suna zuwa Mujallar Azhar. A shafukanta ne ma aka riƙa yi wa Shehu Rashid raddi. A zamaninsu ba ta kai Al-Manar tashe a wajen Misra ba, amma ga shi tana fitowa har yau. Ba wai editocinsu sun fi shi ilimi ko himma ba ne. Gida gare su. Idan edita ya rasu a naɗa wani, idan masu saye suka yi ƙasa akwai baitulmalin da zai riƙe su. Abin da ya ceci mujallar Landan a 1752 shi ne ya ceci waɗannan, shi ne kuma Al-Manar ta rasa.

Da mujalla ta zama hajar kasuwa

Idan rashin kuɗi yana kashe mujalla, tarihin da ya biyo baya ya nuna cewa kuɗi ma yana da tasa fitinar. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatocin Turai da Amurka suka zuba dukiya a binciken kimiyya, jami'o'i suka yawaita, rubuce-rubuce suka fi ƙarfin tsofaffin mujallun ƙungiyoyin masana. 'Yan kasuwa suka hango riba. Fitacce a cikinsu shi ne Robert Maxwell na Ingila, wanda ya kafa kamfanin Pergamon a 1951, ya riƙa bin tarukan masana yana buɗe sabuwar mujalla ga kowane reshe na ilimi. A 1991 ya sayar da kamfanin ga Elsevier a kan fam miliyan 440.

Sirrin cinikin shi ne, malami yana rubutawa ba a biya shi ba, ɗan'uwansa yana tantancewa ba a biya shi ba, sannan ɗakin karatu na jami'arsu ya sayi mujallar da tsada, kuma ba shi da zaɓi, domin binciken da ke cikin wannan mujalla ba a samunsa a wata. Sai kuma Eugene Garfield a Amurka ya fito da kundin ƙirga yawan ambaton da ake yi wa kowane rubutu, daga 1964. Daga nan aka samu ma'aunin jera mujallu daga sama zuwa ƙasa, jami'o'i suka riƙa auna malamansu da sunan mujallar da suka buga a ciki. Mujallar da ta shiga kundin sai ta ƙara ƙiba, wadda ke waje, kamar akasarin mujallun Afirka da na Larabci, sai ta ƙara ramewa, saboda hatta 'yan gida suna kai mafi kyawun aikinsu waje. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna kamfanoni biyar ne suka buga fiye da rabin rubuce-rubucen da ke cikin wannan kundi na shekarar 2013.

Da intanet ta zo, masana suka taru a Budafes, a 2002 suka fitar da kira cewa a buɗe bincike kowa ya karanta kyauta. Alheri ne babba, musamman gare mu. Sai dai a wurare da yawa an juya nauyin ne kawai, mai karatu ya huta, marubuci ya biya. A nan 'yan damfara suka samu ƙofa, suka buɗe mujallun da ba su da aiki sai karɓar kuɗi, ka aika rubutu yau, jibi a ce an karɓa, babu wanda ya duba. Wannan a mizanin magabata daidai yake da sayar da ijaza ga wanda bai zauna gaban malami ba.

Mu nan gida

Wani zai ce, malam, ina ruwanmu da wannan a zango? Ruwanmu da tsaki. A farkon shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta fara tattara rubuce-rubucen Larabci da Ajami na malaman wannan ƙasa. Ivor Wilks yana cikin jagororin aikin, Alhaji Usmanu Boyo kuma shi ya riƙa shiga gari-gari yana aro littattafai daga gidajen malamai, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Mujallar cibiyar, Research Review, wadda ta fara fita a 1965, ita ta riƙa buga jerin sunayen waɗannan littattafai da bayaninsu. A Ibadan ma John Hunwick ya fara irin wannan mujalla a 1964 domin takardun Larabci, daga baya shi da abokan aikinsa suka kafa Sudanic Africa a birnin Bergen na ƙasar Norwe a 1990. Ta irin waɗannan shafuka ne masu bincike a duniya suka san ƙasidun Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, da tarihin Gonja da malamanmu suka rubuta tun ƙarni na 18. Da ba a jera su an buga ba, da yawansu gara da ruwan sama sun gama da su a cikin adaka, ba wanda ya san an taɓa rubuta su.

Ita ma Research Review gida ne ya riƙe ta. Waɗanda suka kafa ta sun shuɗe, cibiyar tana nan, mujallar ta ci gaba da sabon suna. Akwai kuma dandalin African Journals Online da aka fara a 1998, wanda yanzu yake ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, ɗalibi yana iya buɗe da yawansu daga wayar hannunsa.

Abin tambaya shi ne, me ya sa sai wasu sun zo sun jera mana gadon kakanninmu da harshen da akasarin jikokinsu na zaure ba sa karantawa? Muna da malamai da suka yi karatu a Azhar da Madina da Say da Kano. Muna da masu ilimin nahawu da fiƙihu da tarihin garuruwanmu. Kowannenmu ya taɓa ganin 'yar mujalla ta ƙungiya ko ta makaranta da ta fito da ɗoki, fitowa ɗaya, biyu, uku, sai shiru. In ka bincika za ka tarar mutum ɗaya ne yake ɗauke da ita, ya yi tafiya, ko ya yi ciwo, ko aljihunsa ya gaji.

Abin da tarihin nan yake nema daga gare mu

Ga shugabannin ƙungiyoyi da makarantu, duk takardar ilimi da kuke son ta daɗe, har da wannan da ke hannunku, kada ku bar ta a kan wuyan mutum ɗaya komai ƙwazonsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A naɗa mata kwamiti, a ware mata kaso sananne a asusun ƙungiya, a sa matasa kusa da edita su koyi aikin tun yana da ƙarfinsa. Gara shafi huɗu da suke fitowa a kan lokacinsu da shafi arba'in da ba a san ranar zuwansu ba. Kowace shekara a ɗinke fitowar shekarar wuri ɗaya, a yi mata fihirisa, a ajiye kwafi a masallaci da makaranta.

Ga masu hali, ƙofar waƙafi a buɗe take. Mun saba da waƙafin rijiya da tabarmin masallaci, kuma alheri ne. Amma ɗaki ɗaya na haya da aka tsayar domin kuɗin takarda da tawada zai iya riƙe mujalla bayan mai bayarwa da mai rubutawa duk sun kwanta dama. Ga masu karatu, wanda ya karɓa ya biya. Bashin da ya danne Shehu Rashid ba maƙiyansa ne suka ɗora masa ba, masu yabonsa ne.

Ga malamai masu rubutu, mu yarda a duba mu. Kada a buga mas'ala sai wani masani na biyu ya karanta ya gwada nassoshin da asalinsu, ko da marubucin limamin gari ne. Wannan ba raini ba ne, muƙabala ce irin ta magabata. Wanda aka ba rubutu ya duba kuma ya ji tsoron Allah, kada ya wuce da kuskure don kunya, kada ya danne daidai don hassada ko bambancin ɗariƙa.

Ku kuma ɗalibanmu da kuke jami'a, ranar da aka ce ku buga bincike, ku tambayi malamanku game da mujallar kafin ku aika. Ku duba su wane ne masu tantance ta, wace cibiya ce take bayanta, shekara nawa ta yi tana fitowa. Wadda ta fara da tambayar kuɗi kafin ta karanta abin da kuka rubuta, ku yi nesa da ita, domin suna ne za ku ɓata da hannunku. Sannan idan Allah Ya ɗaukaka ku, kada ku kai duk amfanin gonarku kasuwar waje. Ku riƙa rage wani abu ku rubuta da Hausa ko Larabci domin iyayenku da ƙannenku da suka yi muku addu'a kuka tafi.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka rubuta suka bar mana, Ya sanya albarka a alƙaluman masu rai, Ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi.